Gidan da Kwibek ta gina wa baƙon da bai zo ba

A birnin Kwibek na ƙasar Kanada akwai wani zauren wasa da ake kira Centre Vidéotron, mai kujeru 18,259, wanda aka buɗe a watan Satumba na 2015 bayan ya ci dalar Kanada miliyan 370. Kusan duk kuɗin daga baitulmali suka fito. An gina shi daidai da ƙa'idojin NHL, babbar gasar hoki ta ƙanƙara ta Arewacin Amurka, domin ya zama gidan wani kulob na wannan gasa. Har yau birnin ba shi da kulob ɗin. Wanda yake da shi a da ya tashi tun 1995, kuma tarihin ginin ya fara ne daga wannan tashi.

Hoki ta ƙanƙara wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa cikin zaure mai rufi, mutum shida a kowane gefe, sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna. Matsayinta a Kanada ya yi daidai da na ƙwallon ƙafa a Brazil, a lardin Kwibek kuwa har ya ɗara haka. Lardin na masu jin Faransanci ne da ke zaune a tsakiyar nahiyar masu jin Ingilishi, kuma sun daɗe suna ɗaukar filin ƙanƙara a matsayin wurin da suke nuna wa sauran ƙasar cewa su ba kanwar lasa ba ne. Kulob ɗin birnin, Nordiques, an kafa shi a 1972 cikin wata gasar kishiya mai suna WHA, ya shiga NHL a 1979. Rigarsa shuɗiya ce mai ɗauke da furen da ke kan tutar lardin. Gabarsa da Canadiens na Montiriyal ta yi tsanani har wasan da suka yi ranar 20 ga Afrilu 1984 ya rikiɗe ya koma dambe tsakanin kusan dukkan 'yan wasan ɓangarorin biyu. Zauren da suke wasa a ciki, Colisée, tun 1949 aka gina shi, aka faɗaɗa shi a 1980 ya riƙa ɗaukar mutum dubu goma sha biyar da 'yan kai.

Ba rashin 'yan kallo ne ya kashe Nordiques ba, domin zauren yakan cika ko a shekarun da kulob ɗin ke kwana a ƙasan tebur. Lissafi ne ya kashe shi. Daga farkon shekarun 1990 albashin 'yan wasa ya riƙa hauhawa ba iyaka, kuma da dalar Amurka ake biyan mafi yawansa, alhali kuɗin tikiti da na talla da dalar Kanada suke shigowa, wadda a lokacin darajarta ba ta wuce kashi 70 da 'yan kai cikin ɗari na ta Amurka ba. Birnin Kwibek shi ne mafi ƙanƙantar kasuwa a gasar. Akasarin aikinsa na gwamnati ne, ba shi da tarin manyan kamfanoni da za su kama hayar ɗakunan alfarma da ake keɓewa a saman zaure, waɗanda su ne suka zama saniyar tatsar sababbin zaurukan Amurka. Tsohon Colisée ma ba a tsara shi da irin wannan ciniki a rai ba. Ga kuma batun harshe: a 1991 matashin ɗan wasan da aka fi yayi a lokacin, Eric Lindros, ya ƙi sa rigar Nordiques bayan sun zaɓe shi, abin da mutanen birnin suka ɗauka raini ne gare su da harshensu.

Shugaban kulob ɗin, lauya Marcel Aubut, ya kai kokon bara ga gwamnatin lardi. Ya nemi a gina sabon zaure da kuɗin gwamnati, a kuma buɗe gidan caca da zai riƙa cike giɓi. Firimiyan lardin, Jacques Parizeau, masanin tattalin arziki ne da ya yi digirin digirgir a Landan, kuma hankalinsa a 1995 yana kan ƙuri'ar raba gardama da za a kaɗa a watan Oktoba kan ɓallewar Kwibek daga Kanada. Gwamnatinsa ta yi tayin tallafi na ɗan lokaci, ta ƙi amincewa da zauren da gidan cacar, Aubut kuma ya ce tayin bai isa ba. A watan Mayun 1995 aka sayar da kulob ɗin ga kamfanin COMSAT a kan dalar Amurka miliyan 75, aka kwashe shi zuwa Denba, aka sake masa suna Colorado Avalanche.

Da kulob ɗin ya je Denba ya lalace, da wataƙila ciwon ya warke da wuri. Sai dai a shekarar farko, cikin Yunin 1996, ya ɗauki Kofin Stanley, wanda Nordiques ba ta taɓa ɗauka ba. 'Yan wasan da suka ci shi, irin su Joe Sakic da Peter Forsberg, a Kwibek aka tara su cikin shekarun wahala, Forsberg ma yana cikin abin da aka samu a musayar Lindros. Mai tsaron gidansu kuwa, Patrick Roy, haifaffen birnin Kwibek ne. Mutanen birnin sun yi noma, wani ya ci girbi. Daga nan wani bayani mai sauƙi ya zauna a zukata: rashin zaure na zamani ne ya jawo, kuma ranar da aka gina shi kulob zai dawo. Rabin farko na bayanin yana da ƙamshin gaskiya. Rabi na biyu babu wanda ya taɓa yin alkawarinsa a rubuce.

Shekarun da suka biyo baya ba su nuna alamar sassauci ba. Winifeg ta rasa nata kulob ɗin, Jets, a 1996, ya koma Finiks ta jihar Arizona. A watan Janairun 2000 ministan masana'antu na tarayya, John Manley, ya sanar da shirin tallafa wa kulob-kulob ɗin Kanada da suka rage, jama'a suka yi caa, ya janye shi bayan kwana uku. Dalar Kanada ta ci gaba da faɗuwa har ta taɓa kusan senti 62 na Amurka a farkon 2002. Abubuwa biyu ne suka juya lissafin. Na ɗaya, bayan rikicin da ya cinye kakar wasa ta 2004 zuwa 2005 ɗungurungum, NHL ta sa wa albashin kowane kulob iyaka, ta ɗaure shi da kuɗin shigar gasar. Na biyu, tsadar man fetur ta ɗaga dalar Kanada har ta yi kunnen doki da ta Amurka a 2007. A lokaci guda wasu kulob-kulob da aka dasa a kudancin Amurka, inda ba a saba da ƙanƙara ba, suna ta tafka asara, na Finiks ma ya shiga kotun fatara a 2009 har hukumar gasar ta karɓi riƙonsa. Ga mai kallo daga Kwibek, komai ya nuna cewa hoki za ta koma gida.

A wannan yanayi ne Régis Labeaume, wanda ya zama magajin gari a ƙarshen 2007, ya rungumi aikin. Mutum ne mai kaifin harshe da farin jini, wanda bai iya jan ƙafa ba. A watan Oktoban 2009 ya gabatar da shirin zaure na dala miliyan 400, ya mai da shi jigon yaƙin neman zaɓensa, ya kuma lashe zaɓen da kusan kashi 80 cikin ɗari. Ranar 2 ga Oktoba 2010 dubun-dubatar mutane sanye da shuɗin kaya suka cika filin Abraham, wurin da sojojin Ingila suka ci na Faransa da yaƙi a 1759, suna neman a dawo musu da kulob ɗinsu. Zaɓen wurin kaɗai ya isa ya nuna cewa maganar ta wuce wasa. 'Yan siyasa sun karanta taron sarai. Makonni kaɗan kafin nan wasu 'yan majalisar tarayya na jam'iyya mai mulki daga yankin sun ɗauki hoto sanye da rigar Nordiques, aka zaci Otawa za ta sa hannu a aljihu. Amma Firayim Minista Stephen Harper ya lura cewa idan ya biya wa Kwibek, sauran biranen da ke son sababbin filaye za su yi layi a ƙofarsa, gwamnatin tarayya ta zame.

Ranar 10 ga Fabrairu 2011 Labeaume da firimiyan lardi Jean Charest suka sanar cewa za su yi aikin su kaɗai. Lardi zai ba da miliyan 200, birni miliyan 187, sauran miliyan 13 kuma daga wata ƙungiyar magoya baya da ke sayar da haƙƙin kujeru tun kafin a aza tubali. An kawo hujjoji da yawa. An ce zauren na kowa ne, za a yi kaɗe-kaɗe da taruka a ciki, an ce zai taimaka wajen neman gasar Olamfik ta hunturu, an ce Colisée ya tsufa ko da kulob ko babu. Hujja ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi, domin ginin ya haura shekara sittin. Sai dai birni mai mutum kusan dubu ɗari takwas da kewayensa ba ya bukatar kujeru dubu goma sha takwas da kayan aiki irin na NHL don wasan matasa da mawaƙa masu wucewa. Girman ginin da tsadarsa saboda baƙo ɗaya aka yi su.

Shi kuwa baƙon bai ce zai zo ba. Kwamishinan NHL, Gary Bettman, wanda ke riƙe da muƙamin tun 1993, ya sha faɗin cewa ba za a yi maganar kulob a birnin da ba shi da zaure na zamani ba, ya kuma sha ƙarawa da cewa gina zauren ba ya lamunce wa kowa komai. A Kwibek kashin farko na maganar aka fi ji. Wannan matsayi na hukumar ba yaudara ba ne, tsarin cinikinta ke nan. NHL ba ta da hawa da sauka tsakanin rukuni kamar gasannin ƙwallon ƙafa na Turai, inda ƙaramin gari zai iya kafa kulob ya hau mataki-mataki har ya kai sama. Gasa ce rufaffiya, masu kulob-kulob ɗin su ne masu ita, su ke yanke wanda zai shigo da nawa zai biya, kuma suna kula kada yawan kulob ya kai yawan biranen da ke so. Birnin da ya gina zaure ya zauna jira yana yi musu amfani ko ba a ba shi komai ba, domin duk mai kulob da ke neman kuɗi daga magajin garinsa yana da inda zai nuna da yatsa.

Kafin a kai ga nan sai da aka yi wata taƙaddama da ta girgiza siyasar lardin. A watan Maris na 2011 Labeaume ya ba kamfanin sadarwa na Quebecor, ƙarƙashin Pierre Karl Péladeau, riƙon zauren na shekara 25. Kamfanin zai biya miliyan 33 don sanya wa ginin suna idan babu kulob, miliyan 63.5 idan akwai, ga kuma haya ta shekara-shekara. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa muddin babu kulob, idan aka yi asara wajen gudanarwa birni zai ɗauki rabinta, har iya adadin hayar da aka biya shi. Ma'ana, a shekarar da ciniki bai yi kyau ba hayar za ta iya komawa inda ta fito. Ba a bi hanyar da doka ta tanada ta tallata kwangila a fili ba, kuma wani tsohon babban daraktan birnin, Denis de Belleval, ya nufi kotu. Maimakon a jira hukunci, sai aka kai ƙudurin doka mai lamba 204 majalisar lardi domin a ayyana yarjejeniyar halattacciya, a toshe ƙofar ƙara.

Abin mamaki, jam'iyyar adawa ta Parti Québécois, jam'iyyar Parizeau da ta ƙi Aubut a 1995, ita ce ta ɗauki nauyin ƙudurin ta hannun 'yar majalisa Agnès Maltais, saboda tana neman kujerun yankin birnin. Shugabar jam'iyyar, Pauline Marois, ta nemi tilasta wa mambobinta su goyi baya. Ranar 6 ga Yuni 2011 manyan 'yan majalisarta uku suka fice, Louise Beaudoin da Pierre Curzi da Lisette Lapointe, wadda matar Parizeau ce, washegari Jean-Martin Aussant ya bi su. Akwai wasu tsofaffin ƙorafe-ƙorafe a ƙasa, amma zauren ne ya fasa ƙwai. An ɗage ƙudurin zuwa Satumba, aka zartar da shi. Ranar 3 ga Satumba 2012 aka yi bikin fara aiki, kwana ɗaya kafin zaɓen lardi da ya kai Marois kan mulki.

Ana tsakiyar wannan rikici, ranar 31 ga Mayu 2011, aka sanar cewa kulob ɗin Atlanta zai koma Winifeg. A Kwibek an ɗauki labarin a matsayin bushara, amma wanda ya duba da kyau zai ga hanyar Winifeg dabam ce. Zaurenta, wanda aka buɗe a 2004, ya ci kimanin miliyan 133, kujerunsa dubu goma sha biyar ne, kuma kuɗin 'yan kasuwa ne suka fi yawa a ciki, gwamnatoci uku suka haɗa kusan miliyan 40, ko da yake an ci gaba da ba shi rangwamen haraji. An gina shi daidai da abin da ke hannu a lokacin, wato kulob na ƙaramar gasa. Masu shi, Mark Chipman da attajiri David Thomson, sun yi shekaru suna bin hukumar a hankali ba tare da gangami ba, suka kasance a shirye ranar da masu kulob ɗin Atlanta suka rasa mai saye a garinsu. Winifeg ta samu ne domin hukumar ta shiga matsi kuma babu wata ƙofa a buɗe. Irin wannan matsi bai sake faɗowa a lokacin da zai amfani Kwibek ba.

A gefen gini dai ba a samu abin kunya ba, kuma ya kamata a faɗi haka, domin lardin yana da tabon filin Olamfik na Montiriyal na 1976, wanda aka shekara talatin ana biyan bashinsa. An gama Centre Vidéotron a kan lokaci, da rarar miliyan 30 daga kasafin farko. A lokacin bazarar 2015 NHL ta buɗe ƙofar karɓar sababbin kulob-kulob, ta sa farashin shiga aƙalla dalar Amurka miliyan 500. Masu nema biyu kacal suka ajiye takarda da kuɗin kafin alƙalami na miliyan 10: attajiri Bill Foley na Las Begas, da Quebecor. Sai farashin mai ya faɗi, dalar Kanada ta bi shi, a Janairun 2016 ta sauka ƙasa da senti 70. Kuɗin shiga kaɗai ya koma kusan miliyan 700 a kuɗin gida, kusan ninki biyu na abin da ginin ya ci. Ranar 22 ga Yuni 2016 hukumar ta ba Las Begas, birnin hamada, ta ce ta jingine buƙatar Kwibek. Dalilan da ta bayar su ne rawar da dalar Kanada ke yi, da kuma cewa ɓangaren gabas na gasar yana da kulob 16, na yamma 14. Wato matsalar canjin kuɗi da ta kori Nordiques a 1995 ita ce ta tare hanya bayan shekara 21, kuma babu siminti ko ƙarfen da zai gyara ta.

Akwai dalilin da ba a cika faɗa a taron manema labarai ba. Mutumin Kwibek ya riga ya zama mai kallon hoki, yana kallonta a talabijin, yana sayen riga, kuma kuɗinsa yana shiga asusun gasar ta yarjejeniyar watsa wasanni ta Kanada, wadda kamfanin Rogers ya saya a 2013 a kan dala biliyan 5.2 na shekara 12. Ba shi kulob ba zai ƙara sababbin masu kallo da yawa ba, sai dai ya raba waɗanda ake da su da Montiriyal. Las Begas da Siyatil kuwa sabuwar gona ce. A Disamban 2018 aka ba Siyatil a kan dalar Amurka miliyan 650. A 2024, da kulob ɗin Arizona ya kasa samun wurin zama bayan shekara biyu yana wasa a zauren jami'a mai kujeru kusan dubu biyar, Yuta aka kai 'yan wasansa. Tsananin ƙaunar da aka fito da ita filin Abraham, wadda ake zaton ita ce babbar hujja, tana cikin abin da ya rage wa birnin daraja a idon mai sayarwa.

Masana tattalin arziki sun daɗe da gama muhawara kan ko irin waɗannan gine-gine suna mayar da kuɗinsu. Tun littafin da Roger Noll da Andrew Zimbalist suka shirya a 1997, binciken da ya biyo baya ya fi karkata ga cewa kuɗin da iyali ke kashewa a zauren wasa kuɗi ne da da za su kashe a gidan abinci ko silima na garin, don haka arzikin gari ba ya ƙaruwa sosai. Amma auna Kwibek da wannan ma'auni kaɗai bai cika adalci ba, domin masu zaɓen da suka ba Labeaume kashi 80 ba riba suka je nema ba. Sun san abin da suke so, kuma al'umma tana da ikon sayen abin alfahari da kuɗinta, kamar yadda take gina gidan tarihi. Inda aka yi sake shi ne a tsarin cinikin. An biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, ga abin da wani ne ke da ikon bayarwa, ba tare da sharaɗi ko ranar cikawa ba, sannan aka tsara kwangilar riƙo yadda kamfani mai zaman kansa zai ci gajiyar zuwan kulob, birni kuma ya taya shi ɗaukar asarar rashin zuwansa. A shekarun farko birnin ya riƙa mayar wa Quebecor kuɗi a ƙarƙashin wannan sharaɗi.

Zauren bai zama kufai ba. Kulob ɗin matasa na Remparts yana wasa a ciki, yana tara 'yan kallo fiye da yawancin takwarorinsa a ƙasar, kuma a 2023 ya ɗauki Kofin Memorial, babban kofin matasa na Kanada, ƙarƙashin horarwar Patrick Roy, mai tsaron gidan da ya ci wa Denba kofi a 1996. Manyan mawaƙan duniya da a da sukan tsaya a Montiriyal suna ƙarasowa. Labeaume ya bar mulki a 2021 bayan shekara 14.

Gwamnatin lardi ba ta daina bibiya ba. Firimiya François Legault ya ɗora wa ministan kuɗinsa, Eric Girard, alhakin tuntuɓar NHL, Girard kuma ya gana da Bettman ba tare da wani sakamako ba. A watan Nuwamban 2023, daidai lokacin da malaman makaranta da ma'aikatan jinya ke shirin yajin aiki kan albashi, Girard ya sanar cewa lardin zai kashe tsakanin miliyan 5 zuwa 7 domin kulob ɗin Kings na Los Anjelis ya zo ya yi atisaye da wasannin share fage guda biyu a Centre Vidéotron. Canadiens na Montiriyal suka bayyana cewa su da sun yi wasa a can kyauta. Gwamnati ta ce manufar ita ce a nuna wa hukumar gasar zauren da jama'arsa, ko da yake hukumar ta san su tun 2015. An buga wasannin a farkon Oktoban 2024, ɗaya da Boston, ɗaya da Fulorida, sannan Kings suka tattara kayansu suka koma Kalifoniya.